Daga Bakin Teku Zuwa Dutse: Tarihin Isowar Jami'a Ƙasar Jigawa

Jami'a irin ta zamani ta ruwa ta shigo Afirka ta Yamma, kamar yadda waɗanda suka kawo ta suka shigo. A shekarar 1827 'yan mishan na cocin Ingila suka buɗe Kwalejin Fourah Bay a Firitawun, babban birnin Saliyo, a gaɓar Tekun Atlantika, don horar da malaman makaranta da masu wa'azi. Cikin ɗalibanta na farko akwai Samuel Ajayi Crowther, yaron da aka kama bawa a ƙasar Yarbawa, jirgin yaƙin Ingila ya ƙwato shi a teku, daga baya ya zama bishop. A 1876 aka jingina kwalejin da Jami'ar Durham ta Ingila, ta fara ba da digiri. Daga buɗe Fourah Bay zuwa ranar da aka kafa jami'a a Dutse shekara 184 ke nan. Tafiyar ta yi tsawo, kuma a kowane zango akwai dalilin da ya sa ta daɗe kafin ta tashi.

Zangon Legas

A Najeriya ma daga bakin teku aka soma. Gwamnatin mulkin mallaka ta kafa Babbar Kwalejin Yaba a Legas a 1932, aka yi bikin buɗe ta a 1934. Tana horar da mataimakan likitoci da injiniyoyi da masu safiyo da malamai, amma takardar da take bayarwa ba ta kai digiri ba, abin da ya ɓata wa 'yan bokon Legas rai ƙwarai, domin sun gane ana so ne a samu ma'aikata masu arha da za su zauna ƙarƙashin Bature har su yi ritaya. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, kwamitin Elliot ya ba da shawarar a kafa kwalejin jami'a, aka buɗe ta a Ibadan a 1948 a ƙarƙashin Jami'ar Landan, kuma ɗaliban Yaba aka kwasa aka fara da su.

Da 'yancin kai ya ƙarato, gwamnati ta naɗa kwamitin Sir Eric Ashby a 1959 ya duba irin ma'aikatan da ƙasar za ta buƙata. Rahoton ya fito a 1960, shekarar da Jihar Gabas ta buɗe jami'arta a Nsukka. A 1962 aka samu uku a shekara guda: Ife, Zariya da Legas. Jami'ar Legas ta gwamnatin tarayya ce tun daga tushe. Ta zauna a Akoka, a bakin tafkin da ya haɗe da teku, makarantar likitancinta kuma a Idi-Araba, Farfesa Eni Njoku ne shugabanta na farko. An tsara ta ne don birnin da take ciki, shi ya sa ta fara da kasuwanci da shari'a da likitanci, har da darussan yamma ga ma'aikatan da ke fita ofis da rana. Tashar jiragen ruwa da bankuna da kotuna da ma'aikatun tarayya duk suna kusa da ita, su ne masu ɗaukar ɗalibanta aiki, su ne kuma masu kawo mata matsalolin da za ta bincika. Wannan darasi ne da ya kamata a riƙe: jami'ar da ta yi ƙarfi, daga garinta take samun tambayoyinta.

Zangon Zariya da Kano

Arewa ba ta rasa ilimi mai zurfi ba kafin zuwan Turawa. Katsina da Kano sun daɗe suna karɓar malamai daga Timbuktu da Barno da Arewacin Afirka, Shehu Magili ya zauna Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, malaman jihadin Sakkwato kuma sun bar littattafai masu ɗimbin yawa. Abin da ya yi jinkiri shi ne boko, kuma da gangan aka jinkirta shi. Turawa sun hana 'yan mishan sakewa a masarautun Musulmi, su kansu kuma ba su kashe kuɗi sosai wajen gina makarantu ba. Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a farkon shekarun 1920, ita ce ƙololuwar karatun boko a Arewa na tsawon lokaci. Ta koma Kaduna a 1938, ta koma Zariya a 1949, ita ce Barewa ta yau. Daga cikinta Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka fito.

Ranar 4 ga Oktoba, 1962, aka buɗe jami'ar Arewa a Zariya, wadda ke ɗauke da sunan Sardauna. Abin da ya ba ta ƙarfi tun farko shi ne ta gaji cibiyoyin da suka riga ta. Mafi muhimmanci a cikinsu ita ce tashar binciken aikin gona ta Samaru, wadda ta faro tun 1922. Manomin Jigawa da bai taɓa taka Zariya ba ya ci moriyar Samaru, domin irin gyaɗa da dawa da wake da malaman gona suka yi ta rabawa a karkara, da yawansu a can aka gwada su shekara da shekaru kafin a sake su. Abin da ake nufi da jami'ar bincike ke nan, tunanin da ake danganta asalinsa da Jami'ar Balin ta Jamus wadda aka kafa a 1810: malami ya koyar da abin da aka sani, ya kuma fita neman abin da ba a sani ba, ɗalibinsa na biye da shi.

A Kano, kwalejin da aka fara a 1960 ta zama Kwalejin Abdullahi Bayero, reshen jami'ar Zariya mai koyar da fasaha da ilimin addinin Musulunci. Ta zama kwalejin jami'a a 1975, ta tsaya da ƙafarta a matsayin Jami'ar Bayero a 1977, Dokta Mahmud Tukur na shugabancinta. A nan tafiyar ta yi dogon zango. Gabashin Kano, wato ƙasar Dutse da Ringim da Gumel da Haɗejiya, da Kazaure ta arewa, sun ci gaba da tura 'ya'yansu Kano da Zariya da Maiduguri. Ƙasa ce ta tsangayu da alarammomi, musamman Haɗejiya da ta yi suna wajen gwanayen Alƙur'ani. Ta fannin boko kuwa, makarantar da aka fi tinƙaho da ita ita ce Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu, inda Aliko Ɗangote ya yi sakandare.

Binciken Garki

Abin mamaki, shekara arba'in kafin a kafa jami'a a wannan yanki, an gudanar da ɗaya daga cikin manyan binciken kimiyya na duniya a cikinsa, a gundumar Garki. Mutanen yankin da dama ba su san girman abin da aka yi a ƙauyukansu ba, don haka ya dace a tsaya a kansa.

A 1955 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shirin kawar da zazzaɓin cizon sauro daga doron ƙasa, ta dogara da feshin DDT a bangon ɗakuna. Shirin ya ci nasara a Kudancin Turai da wasu sassan Asiya, amma Afirka ta kudu da Sahara kusan an bar ta a gefe. Gwajin da aka yi a yankin Birnin Kebbi a shekarun 1950 bai katse cutar ba, har ma aka ga sauron ya fara jure wa ɗaya daga cikin magungunan feshin. A 1969 hukumar ta sauka daga batun kawarwa gaba ɗaya. Sai tambaya ta rage: a ƙasar da cutar ta yi katutu irin filayen Arewacin Najeriya, idan aka haɗa feshi mai ƙarfi da rabon magani ga kowa da kowa, aka yi aikin yadda ya kamata ba tare da ƙarancin kuɗi ko ma'aikata ba, za a iya katse yaɗuwarta? Don amsa wannan tambaya hukumar ta haɗa hannu da gwamnatin Najeriya, aka zaɓi Garki, wadda a lokacin take cikin Jihar Kano. Aikin ya gudana daga 1969 zuwa 1976.

An kasa shi kashi uku. Daga ƙarshen 1970 zuwa farkon 1972 ba a yi feshi ba, ba a raba magani ba, ƙidaya kawai aka yi. Ma'aikata sun shiga ƙauyuka irin su Sugungum da Kwaru da Ajura da Rafin Marke, suka rubuta sunan kowa gida gida. Duk bayan mako goma sai su dawo, a tara mutane, a soki ɗan yatsa, a ɗiga jini a kan ɗan gilashi, a rubuta lamba, a kai ɗakin gwaji a duba ƙwayar cutar da madubin likita. Da asuba wasu ma'aikatan kan shiga ɗaki su shimfiɗa farin ƙyalle a ƙasa, su rufe ƙofa su fesa magani, sauron da ya kwana a ɗakin ya zubo a kan ƙyallen, a tsince shi ɗaya bayan ɗaya a ƙirga. Da dare kuma akwai masu zama su buɗe ƙafafunsu, duk sauron da ya sauka zai ciji sai su zuƙe shi da ɗan bututu su adana. Daga nan a feɗe shi a ga ko yana ɗauke da cutar. Ta haka aka gano cewa a wasu ƙauyukan, a tsakiyar damina, sauro kan ciji mutum ɗaya fiye da sau 100 a dare guda, kuma a ƙauyen da abin ya fi tsanani mutum kan sha cizo mai ɗauke da cuta fiye da sau 100 a shekara.

A daminar 1972 da ta 1973 aka shiga kashi na biyu. An fesa maganin da ake kira propoxur a ɗakunan ƙauyuka 164. A wasu daga cikinsu an ƙara da rabon ƙwayar sulfalene da pyrimethamine duk bayan mako goma, a wasu kuma duk bayan mako biyu idan damina ta sauka. An bar wasu ƙauyukan ba a taɓa su ba don a samu abin kwatantawa. Sakamakon ya zo da daɗi da ɗaci. Feshin ya rage ƙarfin sauro wajen yaɗa cutar da kusan kashi 90 cikin ɗari, amma yawan masu ɗauke da ƙwayar cutar a jini bai sauka ba sai kaɗan. Inda aka haɗa feshi da yawan rabon magani, masu ɗauke da cutar sun koma 'yan kaɗan cikin ɗari, mutuwar jarirai da ƙananan yara ta ragu a fili. Duk da haka yaɗuwar ba ta katse ba ko a wuri guda. Da aka janye feshi da magani, aka ci gaba da sa ido a kashi na uku, sai cutar ta dawo inda take.

Masu binciken sun nemi dalili, suka samu. Sauron nan da ake gani iri ɗaya ne a ido, ashe kala-kala ne. Masanin sauro ɗan Italiya, Mario Coluzzi, ya duba ƙwayoyin halittarsu, aka fahimci cewa wani kaso daga cikinsu idan ya ciji mutum ba ya sauka a bangon ɗaki, waje yake fita ya huta, don haka feshi ba ya samunsa. Wannan kason kaɗai ya isa ya riƙe cutar. A gefe guda, likitocin jini, ciki har da Farfesa Alan Fleming na jami'ar Zariya, sun bi sawun amosanin jini a ƙauyukan, suka ga cewa yawancin jariran da aka haifa da sikila ba sa kaiwa shekara biyar. Klaus Dietz da abokan aikinsa kuma suka gina wani tsarin lissafi na yadda cutar ke yaɗuwa, suka buga shi a 1974, wanda har yau da sunan Garki ake kiransa. A 1980 Louis Molineaux da Gabriele Gramiccia suka tattara komai a littafi guda, hukumar ta buga shi a Janiba. Masu lissafin yaɗuwar cututtuka a Turai da Amurka suna komawa ga alƙaluman Garki har gobe.

Jinin na mutanen Garki ne, ɗakunan nasu ne, 'yan Najeriya da dama sun yi aikin da hannunsu, kuma yaran da maganin ya ceta a waɗannan shekaru riba ce da ba za a raina ba. Amma da aka naɗe kaya, ilimin ya bi masu shi. Jami'a mafi kusa da ke da likitanci da kimiyya tana Zariya, kwalejin Kano kuma a lokacin ba fanninta ba ne. Babu wata cibiya a yankin da za ta karɓi rajistar ƙauyukan nan ta ci gaba da bibiyarsu, ta horar da matasan da suka koyi duba jini su zama masana, ta sake yin tambayar bayan shekara goma. Wannan shi ne asarar da rashin jami'a ke jawo wa wuri: za a iya yin bincike a kansa, amma ba za a yi bincike daga cikinsa ba.

Jiha ba jami'a

Ranar 27 ga Agusta, 1991, gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta cire Jigawa daga Kano, aka sa Dutse ta zama babban birni, Kanar Olayinka Sule ya zama shugabanta na farko. Dutse a lokacin hedikwatar ƙaramar hukuma ce, tsohon garin Garu na cikin duwatsu, ba ta da gidajen da za su ɗauki ma'aikatan jiha, har da yawa suka riƙa zuwa aiki daga Kano suna komawa. Sabuwar jihar ta tashi da masarautu biyar, Dutse da Haɗejiya da Gumel da Kazaure da Ringim, wadda Garki ke ƙarƙashinta, daga baya ƙananan hukumominta suka kai 27. Ƙidayar 2006 ta ba ta mutum sama da miliyan huɗu.

Manyan makarantu akwai su: kwalejin ilimi a Gumel, kwalejin aikin gona a Haɗejiya, kwalejin kimiyya da fasaha a Kazaure, da cibiyar koyon kwamfuta da aka kafa a Kazauren a zamanin Gwamna Saminu Turaki. Jami'a ce babu, har tsawon shekara 20. A tsarin ba da gurbin karatu na jami'o'in tarayya, inda ake ware kashi 45 ga cancanta, 35 ga yankin da jami'a take, 20 kuma ga jihohin da aka bari a baya a boko, Jigawa na cikin rukuni na ƙarshe. Ɗan Jigawa ya ci jarrabawar JAMB sai ya shiga layi a Kano ko Zariya. Wanda abin ya fi shafa ita ce 'ya mace, domin uban da zai yarda 'yarsa ta yi karatu a garin da zai iya zuwa ya dawo a wuni, ba lallai ya yarda ta tafi Maiduguri ba.

Shekarar 2011

A farkon 2011 gwamnatin Shugaba Goodluck Jonathan ta kafa jami'o'in tarayya tara a jihohin da ba su da ko ɗaya: Dutse, Dutsin-Ma, Kashere, Wukari, Lafiya, Lakwaja, Oye-Ekiti, Ndufu-Alike da Otuoke. A 2013 aka ƙara Gashuwa da Gusau da Birnin Kebbi. Matakin ya sha suka. Ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ta daɗe tana cewa gwamnatin da ta kasa riƙe tsofaffin jami'o'i ba ta da dalilin haifar sababbi, wasu kuma suka ce zaɓe ne ya ƙarato. Sukar tana da tushe. Amma a Jigawa, wanda ya shekara ashirin yana jira, da farin ciki ya karɓi labarin.

An naɗa Farfesa Jibrila Dahiru Amin shugaban farko na Jami'ar Tarayya ta Dutse. Likitan dabbobi ne, kuma ya riga ya shugabanci Jami'ar Maiduguri, don haka ya san abin da aikin ya ƙunsa. Jami'ar ta zauna a gefen titin Ibrahim Aliyu, ta fara da tsangayoyi uku, na aikin gona, na kimiyya, da na fasaha da nazarin zamantakewa, ɗaliban farko kuma ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba. Aikin shekarun farko na tubali da siminti ne, da neman malamai. Manyan malamai sai an aro su daga Kano da Zariya da Maiduguri, matasan da aka ɗauka kuma aka riƙa tura su ƙaro karatu a gida da waje.

Kuɗin wannan duka, mafi yawansa daga asusun TETFund ya fito. Asalinsa harajin ilimi ne da aka ɗora wa ribar kamfanoni a 1993, kashi biyu cikin ɗari, bayan gwagwarmayar ASUU, aka sake masa doka a 2011 ya koma na manyan makarantu kaɗai. Duk wanda ya zaga sababbin jami'o'in nan zai ga sunan asusun a jikin kusan kowane ɗakin lacca da ɗakin karatu. Ba don shi ba, da yawancinsu suna nan a takarda.

A 2016 Farfesa Fatima Batul Mukhtar, masaniyar tsirrai daga Kano, ta karɓi ragama, ta shiga sahun mata ƙalilan da suka shugabanci jami'a a Arewa. Ganin mace a wannan kujera a Dutse ya yi wa iyaye da yawa bayanin da dogon wa'azi ba zai yi ba. A 2021 Farfesa Abdulkarim Sabo Mohammed, masanin kimiyyar abinci, ya gaje ta. A tsakanin nan jami'ar ta faɗaɗa, aka samu tsangayar kwamfuta da ta ilimin gudanarwa da kwalejin likitanci da makarantar karatun gaba da digiri na farko, ɗalibai suka koma dubbai. Gwamnatin jiha ta miƙa Asibitin Rasheed Shekoni na Dutse ga gwamnatin tarayya ya zama asibitin koyarwa. Garin ma ya sauya: unguwannin da ke kusa da makarantar sun cika da ɗakunan haya da masu abinci da shagunan buga takardu, ana jin Yarbanci da Ibo da Tibi a bakin ƙofarta.

Ba ita kaɗai ta tsaya ba. A 2013 gwamnatin Sule Lamido ta kafa jami'ar jiha a Kafin Hausa, wadda aka sa wa sunansa a ƙarshen 2014. Shugabanta na farko, Farfesa Abdullahi Yusufu Ribadu, shi aka naɗa shugaban Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa a ƙarshen 2024. A 2021 gwamnatin Shugaba Muhammadu Buhari ta amince da Jami'ar Fasaha ta Tarayya a Ɓaɓura, maƙwabciyar Garki, a shekarar kuma aka ba jami'ar Khadija mai zaman kanta da ke Majiya lasisi. Cikin shekara goma jihar da ba ta da ko ɗaya ta samu huɗu.

Hanyar ba ta zo da sauƙi ba. Jami'ar Dutse tana 'yar shekara biyu aka shiga yajin aikin ASUU na 2013, daga Yuli zuwa Disamba. Na 2020 ya ci wata tara, ya haɗu da kullen korona. Na 2022 ya fara ranar 14 ga Fabrairu, bai ƙare ba sai 14 ga Oktoba. Digirin shekara huɗu ya koma na shida ga wasu. Tashin kuɗin lantarki na 2024 ya ƙara matse jami'o'in gwamnati. Ga mai bincike wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ɗalibar da ta sha rana tana tara samfurin jini ko na ruwa daga ƙauyuka, ta jera kwalabenta a firji ta rubuta wa kowace lamba, idan wuta ta ɗauke kwana biyu janareta ba mai, aikin wata uku ya lalace, kuma damina ba za ta dawo ba sai baɗi. Albashin da hauhawar farashi ya cinye shi ma yana korar malaman da aka kashe kuɗi aka horar, su koma ƙasashen da suka yi karatu.

Aikin da ke gaba

Dokar da ta kafa jami'a kan ɗora mata abu uku: koyarwa, bincike da hidima ga al'umma. Na farko ya kankama a Dutse. Na biyu shi ne ma'aunin da tarihi zai auna ta da shi, kuma tambayoyin suna zube a ƙofarta.

Tun da aka gina madatsar Tiga a shekarun 1970 da ta Challawa a farkon shekarun 1990, tafiyar ruwan Kogin Haɗejiya ta canza. Ciyawar kachala ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da wuraren su, ta zama maɓoyar jan-baki mai cin hatsi. Ambaliya irin ta 2022 ta raba dubban mutane da gidajensu a Ringim da Haɗejiya da maƙwabtansu. A kwarin Haɗejiya har zuwa Gashuwa an daɗe ana kuka da yawan ciwon ƙoda. A Jahun, asibitin da ƙungiyar likitocin MSF ke aiki tun 2008 yana karɓar mata masu yoyon fitsari da naƙuda mai wuya ba ƙaƙƙautawa. Riɗi da zoɓon Jigawa suna fita ƙasashen waje ɗanye, ribar sarrafa su ta tafi wa wasu. Dutse gari ne na dabino, har akwai tashar binciken dabino ta gwamnatin tarayya a cikinsa, amma kasuwanninmu da azumi cike suke da na Nijar da Aljeriya da Saudiyya. A Birnin Kudu ga zanen mutanen dā a jikin duwatsu, wanda tun shekarun 1950 masana suka rubuta labarinsa, yana jiran ɗan ƙasa ya ƙara nazari. Zazzaɓin cizon sauro kuwa yana nan: Najeriya ce ke ɗauke da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da shi a duniya. Maganin rigakafin da ake bi gida gida ana ba ƙananan yara duk wata a damina, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2012 kuma ake rabawa a Jigawa, ɗan'uwan abin da aka gwada a Garki ne.

Ko ɗaya daga cikin waɗannan ba a warware shi da kundin digiri guda da za a ɗaure a ajiye a kanta. Suna buƙatar irin haƙurin da aka yi a Garki: a zaɓi ƙauyuka, a rubuta kowa, a riƙa komawa a kan lokaci shekara bayan shekara, a adana alƙaluma yadda wani zai iya dubawa. Baƙi sun yi hakan shekara bakwai suka tafi, domin wa'adinsu ya cika. Jami'a ba ta da wa'adi, kuma masu iya magana sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Malamin da aka haifa a Garki ko Taura ba ya buƙatar tafinta, ya san wanda zai fara gaisarwa a gari, ya san lokacin da magidanta ke gona da lokacin da mata za su iya fitowa.

Abin da ake buƙata a fili yake. Gwamnatin jiha ta ware wani kaso na kasafinta, ko ƙanƙani ne, ta miƙa wa jami'o'in nan tambayoyinta na ruwa da lafiya da noma, ta kuma nemi amsa a rubuce. 'Yan kasuwar riɗi da shinkafa su ɗauki nauyin ɗakin gwaji da wutar sola da za ta riƙe shi. Jami'o'in su kansu su auna malami da amfanin abin da ya gano, ba yawan takardun da ya buga kaɗai ba, su kuma riƙa mayar da sakamakon bincike da Hausa ga mutanen da aka ɗebi jininsu ko ƙasar gonarsu. Kwalejin likitanci ta Dutse tana da asibitin koyarwa, tana da ɗalibai, alƙaluman 1970 zuwa 1975 kuma suna nan a adane. Babu abin da zai hana ta koma Sugungum da Kwaru ta sake ƙirga sauro da masu zazzaɓi, ta gwada da na shekara hamsin da suka wuce, ta buɗe rajistar da ba za a sake rufewa ba. Wurare kaɗan ne a Afirka ke da irin wannan tushe da za a ɗora a kai, kuma alhakin ɗorawar yanzu yana wuyan 'yan Jigawa.